Tsohuwar monita mai VGA ta ƙi aiki da sabon katin girafik, ina mafita?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Na sa katin GTX 1660 Super a kwamfutar shago. Ƙofofi uku gare shi a baya: DVI, HDMI da DisplayPort. Monita biyu nake so in haɗa, kuma dukkansu VGA kaɗai suke karɓa. Ɗaya mai ƙeya ce (CRT) inci 19, takardar bayanta ta rubuta 30 zuwa 96 kHz. Ɗayar falle ce inci 17. Na sayi ƙaramar adafta ta DVI zuwa VGA a kasuwar Adum, Kumasi, ta ƙi shiga ramin katin sam. Na koma na karɓo ta HDMI zuwa VGA, hoto ya fito a mai ƙeyar, amma yana ƙyalƙyali har ido ya yi zafi, baƙi kuma ya koma toka-toka, sannan Windows 11 ba ta ba ni komai sai 60 Hz. Masana, me ya kamata in saya, me zan gyara?

Masta Sabon Zango:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Adaftar farko kada ka matsa mata, kada kuma ka bari wani ya ce zai karya maka fil ɗin da suka hana ta shiga. Ko ta shiga babu abin da zai fito.

Ka duba ramin DVI na katinka, gefe guda akwai wata tsaga a kwance. Idan akwai ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar, DVI-I ne, ta waɗannan huɗun siginar analog ke bi: ja, kore, shuɗi da siginar daidaita layi. Idan tsagar ita kaɗai ce, DVI-D ne, dijital zalla. Naka DVI-D ne. Ƙaramar adaftar nan ba ta da komai a ciki sai wayoyi, aikinta kawai ta kwashe analog ɗin da kati ya riga ya fitar ta miƙa wa VGA. To katinka ba ya fitar da shi. Nvidia, kamfanin da ya yi cif ɗin katinka, ta cire ɓangaren da ke mayar da dijital analog tun daga jerin GTX 10 a 2016, jerin GTX 900 ne na ƙarshe da ke da shi. AMD ma ta riga ta fara, R9 290 na 2013 ba shi da analog ko kaɗan.

Saboda haka dole sai konbata mai cif a ciki, wadda ita za ta yi wannan juyin. Ta HDMI da ka saya irinta ce, shi ya sa hoto ya fito. Abu biyu ka kula da su a wajen saye. Na farko, hanya ɗaya take bi: wadda aka rubuta VGA zuwa HDMI ba ta aikin HDMI zuwa VGA, kamanninsu ɗaya, kuma a cakuɗe suke a tire guda a kasuwa. Na biyu, wuta. HDMI volt 5 yake bayarwa amma ɗan kaɗan ƙwarai, ƙa'idarsa miliamp 55 ce kawai, shi ya sa wasu konbatocin ke ɗauke hoto su dawo. Ka zaɓi mai ƙaramin ramin USB a gefe ka ba ta wutarta daban. DisplayPort ya fi hannu sake, yana ba da volt 3.3 har miliamp 500, konbatarsa ba ta neman ƙarin waya.

Shawarata: mai ƙeya a DisplayPort, falle a HDMI da konbatar da ke hannunka.

Injiniya_Asawase:

Abin da Masta ya faɗa haka yake, sai dai in ƙara abin da ya fi muhimmanci ga mai ƙeya, domin a nan kuɗi ke salwanta. Ba kowace konbatar DisplayPort ce za ta biya buƙata ba. Abin da ake dubawa shi ne yawan ɗigon hoto da take iya turawa a daƙiƙa, ana auna shi da MHz. A kwali za ka ga an rubuta 1080p, wannan 148.5 MHz ne kawai. Yawancin masu araha a wajen 165 suke tsayawa. Tsofaffin katunan da ke da analog nasu har 400 MHz suke kaiwa, shi ya sa a da ba wanda ke wannan lissafi.

Iyaka biyu ke gabanka, ta monita da ta konbata, kuma kowanne girman hoto sai ya wuce su duka biyun.

Ta monita ita ce 96 kHz ɗin nan, wato layi dubu 96 a daƙiƙa. Lissafin a saukake: yawan layukan tsaye sau yawan Hz (wato sau nawa ake sake zana hoto a daƙiƙa), sai ka ƙara kamar kashi 5 cikin ɗari na lokacin da hasken ke komawa sama. Ga yadda suke a ƙa'idar VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin monita:

1024x768 a 85 Hz: 68.7 kHz, 94.5 MHz
1280x960 a 85 Hz: 85.9 kHz, 148.5 MHz
1600x1200 a 75 Hz: 93.75 kHz, 202.5 MHz
1600x1200 a 85 Hz: 106.25 kHz, 229.5 MHz

Na ƙarshen ka manta da shi, ya fi ƙarfin monitarka, sai dai ta nuna maka Out of Range. Na uku monita za ta ɗauka, amma konbata mai araha ba za ta kai ba: ko dai baƙin allo, ko hoto ya riƙa tsinkewa. Irin wannan sai konbata ta musamman, kamar StarTech DP2VGAHD20 da masu riƙe da irin waɗannan monitoci suka sani, kuma da wuya ka tsince ta a tire, sai an yi oda. Ni a ganina ba ka buƙatarta. A inci 19, rubutu a 1600x1200 ƙanana ne har sai ka matso da fuska. Na biyun shi ne daidai da kai, 1280x960 a 85 Hz, ko konbata mai araha tana ɗauka. Kada ka sa 1280x1024 a mai ƙeya ko da Windows ta ba ka shi a sama. Shi 5:4 ne, allonka kuwa 4:3, da'ira sai ta koma kamar ƙwai, kuma mai aikin zane ko hoton fasfo zai ga kan mutane ya baje.

Ƙyalƙyalin da ke damun idonka daga 60 Hz yake. Mai ƙeya zana hoton take yi daga sama zuwa ƙasa, hasken ya dusashe kafin a sake zanawa. A 60 ido na kama dusashewar, a 75 ta ragu, a 85 yawancin mutane ba sa ganinta.

Dalilin da ya sa Windows ta tsaya a 60 kuwa shi ne ba ta san monitar ba. Monita na aika bayanin kanta, wanda ake kira EDID, ta fil na 12 da na 15 na VGA. Wasu konbatoci ba sa wucewa da shi, nasu na gama-gari suke miƙawa. Haka idan wayarka mai kawuna biyar ce ta BNC, babu hanyar EDID a cikinta gaba ɗaya. Ka fara shiga Settings, System, Display, Advanced display ka ga sunan da aka ba monitar. Idan sunanta na gaskiya ya fito, buɗe Display adapter properties, danna List All Modes, wataƙila 85 ɗin na nan. Idan babu, sai ka ƙirƙira da hannu. A Nvidia Control Panel: Change resolution, Customize, Create Custom Resolution, ka rubuta 1280, 960, 85, a wajen Timing ka zaɓi CVT ko GTF. Ban da CVT reduced blank, wannan na falle ne, yana rage lokacin da hasken mai ƙeya ke buƙata ya koma gefe, sai ka ga gefen hoto ya naɗe ko ya yanke. Danna Test. Idan allo ya yi baƙi kada ka taɓa komai, da kansa zai dawo bayan 'yan daƙiƙu. Idan Nvidia ta ƙi, akwai manhajar CRU, kyauta ce, tana yin aikin nan, kuma tana zuwa da reset-all da ke goge duk abin da ka ɓata.

Baƙin da ya koma toka: katin ya ɗauka talabijin ka haɗa a HDMI, yana turo launi daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255. A shafin Change resolution ɗin dai, ƙasa, zaɓi Use NVIDIA color settings, Output color format RGB, Output dynamic range Full.

Abu Hafsa Tafo:

Duk wannan wahala me ya kawo ta? A sayi ƙaramin katin GT 710 na hannu a soka a ramin PCIe na biyu, yana da VGA nasa. Ko a yi amfani da VGA na jikin madabod.

Injiniya_Asawase:

Malam Abu Hafsa, VGA na madabod hanya ce mai kyau ga fallen, in dai firosesa na da girafik a ciki. Intel mai harafin F a ƙarshe ba shi da shi, haka Ryzen na soket AM4 da ba shi da G. Sannan sai an shiga BIOS an kunna, sau da yawa sunansa iGPU Multi-Monitor, domin da an soka kati madabod ke kashe nata.

GT 710 kuwa akwai ƙura a bayansa. Windows direban Nvidia ɗaya take ɗora wa katunan biyu, shi kuma GT 710 an daina masa sabon direba, a jerin 470 ya tsaya. Ke nan ka ɗaure 1660 ɗin a tsohon direba saboda ƙaramin kati. Konbata ta fi sauƙi.

Hajiya Mai Kafe:

Ba wanda ya yi maganar waya, alhali rabin matsalar VGA daga ita ne. Siginar volt 0.7 ce kacal, siririyar waya na lalata ta, sai ka ga kowane harafi da inuwarsa a dama. Ɗan'uwa nemi mai kauri, mai dunƙule a kusa da kawunan biyu, kada ta wuce mita biyu, kuma ka ɗaure sukurorin. Ka leƙa cikin kan da tocila. Fil na 1 ya lanƙwashe, ja ya tafi, hoto ya koma ruwan shuɗi-kore. Na 2 ne, sai ya yi ruwan hoda mai duhu. Na 3 ne, sai rawaya. Na 13 ko 14, hoto ba zai tsaya ba ko ma ya ƙi fitowa. Idan ka ga gurbin na 9 babu fil kada ka damu, wayoyi da yawa haka aka yi su.

Fallen inci 17 ka sa ta a 1280x1024 a 60 Hz, ita wannan ne girmanta na asali, kuma ba ta ƙyalƙyali a 60. Bayan nan danna maɓallin Auto a jikinta yayin da akwai rubutu cike da allo, ba baƙin hoto ba, don ta sami abin da za ta daidaita da shi. In har ka ga ratsi-ratsi a tsaye, shiga menu ka gyara Clock tukuna, sannan Phase.

Masta Sabon Zango:

Hajiya ta tuna min da wajen ajiya. Wutarmu volt 230 ce a 50 Hz, kuma kayan hannu da ke shigowa daga Amurka wasu 120 kaɗai suke ɗauka, a karanta takardar baya kafin a jona kowace monita. Kada ka aje sitabilaiza, UPS ko fanka kusa da mai ƙeya. Maganaɗisun da ke cikinsu na kaɗa hoton, sai ka ga yana rawa a hankali kamar tuta, ka zargi konbata a banza. Nisan hannu guda ya isa. Lasifika kuma tabon launi take bari a kusurwa, maganinsa Degauss a menu, sau ɗaya, sai ka jira kamar minti 20 kafin ka maimaita.

Kwamfuta da monitocin su sha wuta daga soket ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske. Idan babu ita, kan VGA zai riƙa ɗan jan hannu, wani lokaci ka ga wani faffaɗan layi na hawa allo a hankali. Kuma a kashe komai kafin a soka ko a zare konbata.

Ƙurar hunturu da laimar damina in suka haɗu a ciki, za ka ji tas-tas hoto ya ƙifta. Wannan tartsatsin wuta ne mai ƙarfi, wajen volt dubu 25 ke cikin bututun, kuma yana riƙe caji ko an zare waya. Kada ka buɗe, kai wa mai gyaran talabijin.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Full ɗin ya gyara baƙin, kuma 1280x960 a 85 ya zauna a kan konbatar HDMI ɗin ma bayan na ba ta wutar USB. Saura abu ɗaya: hoton bai cika allo ba, akwai baƙi kamar yatsa biyu a hagu da dama.

Injiniya_Asawase:

Wannan ba na kati ba ne. Mai ƙeya tana ajiye saiti daban ga kowane girman hoto, kuma wannan sabo ne a wajenta. Ka bar ta ta yi zafi minti 20, sannan a menu nata ka buɗe H-Size da V-Size har hoto ya kusa taɓa baki, ka tsakaita shi da H-Position da V-Position, in gefe ya lanƙwasa ciki ka miƙe shi da Pincushion. Tunda ta zauna a HDMI, bar ta a nan, ka sayi konbatar DisplayPort ta talaka ka ba fallen, 108 MHz kawai take nema.