Taƙaitawa: yadda dokar ƙasa ke hukunta laifukan yaƙi

An yi muhawara kan wannan batu, ta kuma yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda cewa Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun wajabta wa kowace ƙasa ta kafa dokar hukunta manyan laifuka, kamar kashe fursunan yaƙi da azabtarwa, ta kuma gurfanar da mai laifin ko da baƙo ne, ko ta miƙa shi ga wata ƙasa ta gurfanar da shi.

2. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC) da ke Hague ba ta sa baki sai ƙasa ta gaza ko ta ƙi gurfanar da mai laifin.

3. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa wannan kotun, a 2001, amma sashe na 12 na tsarin mulki ya ce sai majalisa ta mayar da yarjejeniya doka kafin ta yi aiki a kotunan cikin gida. Nan gizo ke saƙa.

4. Kan shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, aka rabu. Wasu sun ce ɗaurin rai da rai da aka yanke masa a Dakar a 2016 babbar nasara ce. Wasu suka ce shekara 25 ’yan Chadi na jira, shaidu da dama har sun rasu. Ni dai hujjar na biyun ta fi kama ni.