Na haɗa kwamfuta amma ta ƙi tashi

Ɗan Jidda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa kwamfuta da hannuna: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod (farantin da ake soka sauran kayan a kai) B450, RAM guda biyu. In na danna maɓalli fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, ko rubutu ɗaya babu. Albashin wata biyu na zuba a ciki, wallahi hankalina ya tashi.

Mai gyara a Makka: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ina ka soka wayar HDMI? Wannan furosesar ba ta fitar da hoto da kanta, sai ta katin hoto. Duba kuma wayar wuta mai fil 8 da ke kusa da furosesa, mutane da yawa suna mantawa da ita. Sannan ka cire RAM ɗaya, ka danna ɗayan sai ka ji ya yi ƙas.

Ɗan Jidda: Malam, duk na yi, har yanzu shiru.

Baƙo daga Madina: To ina zargin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta. Tsofaffin B450 ba sa gane furosesa jerin Ryzen 5000, irin taka, sai an sabunta musu BIOS. Idan madabod ɗinka yana da maɓallin sabuntawa a baya, filashi kaɗai ya isa. In babu, kai shi shago su sa tsohuwar furosesa su sabunta maka.

Ɗan Jidda: Babu maɓallin. Bayan La'asar zan kai shi. Allah ya saka da alheri.