Motar Lantarki, ta Fetur ko ta Haidurojin: Abin da Aka Tsayar a Hirar

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar motar lantarki ba ta barin majalisun Kano. A wata hira da ta haɗa direbobi, makanikai da wani mai haɗa sola, motar haidurojin, mai aiki da wata iskar gas, aka fara sallama. Toyota ta fito da irin wannan motar, mai suna Mirai, tun 2014, ruwa kawai take fitarwa maimakon hayaƙi, amma Kano ba ta da wurin cika ta, sai a bar zancen.

Kan ta lantarki aka daɗe. Makanikan sun yarda ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Sai dai batir ne rabin motar, kuma zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana rage masa kwana. Shawararsu ita ce a ajiye ta a inuwa, a yi caji da dare ko da sassafe, kada a bari ya ƙare ƙaf. Mai sayen ta hannu kuwa ya sa a auna lafiyar batirin kafin ya miƙa ko sisi. Kyan fenti ba ya tafiya da mota.

Mai solar ya ce wanda zai yi caji da janareto, fetur ɗin dai ya saya, ta bayan gida. Nan na fi gamsuwa.

Ga mai zirga-zirgar cikin gari, daga Zoo Road zuwa Sabon Gari, ko mai adaidaita sahu, lantarki ta fi. Mai yawan bin hanyar Kaduna ya riƙe ta fetur tukuna, don kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa.