Risaikilin da Hausa: sake amfani ko sake zubi?

Jama'a a zo a tayani, ina ta ganin ana rubuta "sake amfani" a madadin risaikilin (recycling, wato mayar da tsohon kaya sabo), ni dai abin bai kwanta min ba sam.

Ɗauki kwalbar kyandir ɗin nan mai ƙamshi. In ya ƙare sai a sa ta a firiza ta kwana, kakin ya tsuke ya ɓalle da bakin cokali, a cire ɗan ƙarfen da ke riƙe lagwani a ƙasa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Don Allah kar a tuttula narkakken kaki a sinki, daskarewa zai yi ya toshe bututu. To in Hajiya ta zuba turaren wuta a ciki, wannan shi ne sake amfani, kwalbar tana nan yadda take ba abin da ya taɓa ta. Risaikilin kuwa sai an farfasa an narka an fito da sabuwa.

Wani ɗan uwa ya ce a ce jari bola kawai. A'a yallaɓai, su masu tarawa ne suna sayarwa, aikin narkawar na wasu ne. Wata kuma ta kawo "sake sarrafawa" irin na gidajen rediyo, wannan ba laifi amma ya yi faɗi, har tumatir sarrafa shi ake yi.

Nawa shi ne "sake zubi". Masu zubin tukwane sun daɗe suna narka gwangwanin alminiyam, kuma Masaga a Bida tsofaffin kwalabe suke narkawa su yi tsakiya da awarwaro. Da ka ce zubi kowa ya san akwai wuta a maganar, kuma nan ne za a gane ba kowane gilashi ke shiga ba. Kwalbar lemo da ta magani da ta zuma duk iri ɗaya ne, yashi da soda da farar ƙasa, ana narka su a zafi wajen digiri 1500 a ma'aunin Celsius, sai dai a ware fara da koriya da ruwan ƙasa. Amma madubi da gilashin taga da ƙwan lantarki da tangaran ba sa shiga, haka gilashin nan mai jure wuta irin na ɗakin gwaje-gwaje, shi sinadarin boron ke cikinsa ba ya narkewa tare da sauran, ɗan guntu ɗaya sai ya bar tabo ya raunana sabuwar kwalba. Wasu kwalaben kyandir da irinsa ake yi, shi ya sa in ba ka da tabbas gara ka zuba turaren wutan a ciki.

Wani Malam ya yi min gyara cewa takarda ai ba a zubinta, jiƙa ta ake a dama. Gaskiya ne Malam, na karɓa. To a bar sake sarrafawa ya zama na gaba ɗaya, sake zubi na kwalba da ƙarfe da roba.

Saura farfasasshen gilashin da ake kaiwa masana'anta, ni "tsakin kwalba" nake so, tunda bai kai gari laushi ba. Zazzagawa da Sakkwatawa ya kuke cewa?