Babban fim ɗin nan: labari ne ya kayar da shi, ko sauti da tacewa?

Malam Habu: Salamu alaikum. Finafinai biyu ne suka fito kusan lokaci guda. Na farko shi ne na faɗan nan mai tsawon awa biyu da minti 25, wanda tsohon soja ke ƙoƙarin kai wata mai ba da shaida kotu kafin gari ya waye, 'yan bindiga na biye da su. An zuba masa kuɗi, an yi masa talla kamar ba gobe, amma jama'a sun fito suna tsaki. Na biyu ɗan ƙarami ne, minti 95: wa da ƙani suna kwashe kayan mahaifinsu da ya rasu, sai suka ci karo da takardun bashin da babu wanda ya san da shi. Shi kuwa duk wanda ya gani sai ya yaba. Masu sharhi sun ce babban ya faɗi ne don labarinsa ba shi da daɗi. Ni ban yarda ba. Labarinsa ba shi da wata illa da ta fi ta sauran finafinan faɗa. Sauti da tacewa, wato yanka da haɗa hotunan fim, su ne suka kashe shi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka ɗora wa masu tacewa laifin marubuci. Duba minti 40 na farko. Me jarumin yake so? Kai matar kotu. Me zai same shi idan bai kai ta ba? Ba a faɗa mana ba sai bayan an ci rabin fim, lokacin da aka sanar da mu cewa ɗansa na hannun masu laifin. Wannan bayanin a minti 15 na farko ya kamata ya zo. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, wato marubuci ya ɓata shafi saba'in da wani abu kafin ya ba mu dalilin da za mu damu da mutumin. Babu mai tacewar da zai gyara wannan.

Malam Habu: Hajiya, an faɗa. A cikin mota, tun wajen minti 12, jarumin ya ambaci yaron. Ba ki ji ba ne, kuma ba laifinki ba ne, ba kowa ya ji ba. Hujjata ke nan.

Ga abin da ya faru a wannan fitowar. An ɗauke ta da kyamara fiye da ɗaya a lokaci guda, wata ta nesa, wata ta kusa. Da zarar akwai ta nesa, makirfon da ake ratayawa a kan doguwar sanda dole ya ja baya don kada ya shigo hoto. Duk lokacin da tazarar baki da makirfo ta ninka, ƙarfin murya na raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), amma ƙarar injin mota da iska suna nan yadda suke. Sai a koma ga ɗan ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a ƙirji, shi kuma an ɓoye shi ƙarƙashin jaket mai kauri. Tufafi na shanye sautuka masu kaifi, wajen haz 2,000 zuwa 4,000 (haz shi ne ma'aunin kaifin sauti), kuma a nan ne baƙaƙe irin su s da t da k suke. Wasula za su fito, baƙaƙe su nutse. Ka ji mutum na magana, amma ba ka san me ya ce ba. Sannan aka zo aka shimfiɗa kiɗa mai goge da ƙarar ƙarfe a daidai wannan gurbin. To ina muryar za ta bi?

Nasiru: Malam, ni a sinima an ce maganar tana fita. A talabijin da waya ne ta ɓace. Anya ba na'urar mai kallo ba ce?

Malam Isuhu: Nasiru, rabin gaskiya ke nan. A sinima sauti a rarrabe yake: hagu, dama, tsakiya, biyu na kewaye, da na rugugi, shi ne ake ce wa 5.1. Kusan duk magana a lasifikar tsakiya take, tana da wurinta ita kaɗai. Idan aka matse shida ɗin nan suka koma biyu don talabijin ko waya, ana rage na tsakiyar da desibel 3 a zuba shi hagu da dama, inda kiɗa da harbi suka riga suka cika. Ƙari a kan haka, ɗakin sinima ana daidaita shi a kan desibel 85, da sarari har 105 don fashewar abubuwa. A falo babu mai jure wannan. Mutum zai rage murya saboda harbi, sai magana ta tafi tare da shi. Amma maganin wannan sananne ne: ana zama a sake haɗa sauti na musamman don gida, da ƙananan lasifika kusa da mai haɗawa, a ɗaga magana, a rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa. Ƙaramin fim ɗin a waya ma ana jin numfashin ƙanin. Don haka laifin ba na waya ba ne, aikin ne ba a kammala ba.

Hajiya Rabi: To na karɓa, an faɗa a minti 12. Amma Malam Habu, ka lura da yadda aka faɗa? Kyamara na bayan ƙeyarsa, ba a ganin bakinsa. Muryar kuma ta fi sauran tsabta ta wani ɓangaren, ba ta da amon cikin mota. Wannan alamar jimlar da aka ƙaro daga baya ce: an kira jarumin ɗakin ɗaukar murya bayan an gama fim, aka liƙa ta inda ba za a kama leɓe ba. Sau da yawa ana yin haka ne idan an nuna wa 'yan kallon gwaji fim suka ce ba su gane ba. Ma'ana, a rubutun asali maganar yaron ba ta nan. Faci ne. Kuma abu mai nauyi irin ɗan mutum a hannun abokan gaba ba a ba da shi a jimla ɗaya ta bayan ƙeya. Ana nuna shi: takalmin yaro a kujerar baya, waya ta yi ƙara hannunsa ya yi rawa.

Malam Habu: Jira, Hajiya. Ɗazu kin ce ba a faɗa ba, yanzu kin ce muryar ta fi tsabta. Wanne za mu ɗauka?

Hajiya Rabi: Duka biyun. Tsabtarta daban, ƙarfinta daban. An saukar da ita ƙasa don ta saje da sauran, kiɗa ya hau kanta. Saka abin sauraro a kunne ka koma wurin.

Nasiru: Ni abin da ya fi ba ni haushi faɗan cikin tasha ne. Fim hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. A wannan fitowar akwai yankan da bai kai rabin daƙiƙa ba, wato ƙasa da hoto 12, kuma a jere suke zuwa. Kafin ido ya gano inda jarumi yake an sauya. Da a ce abin da ake so a kalla yana tsakiyar allo a kowane yanka, da ido ya huta, saurin ba zai dame shi ba. Amma a nan sai naushi ya ƙare a kusurwar dama ta sama, yanka na gaba ya fara a hagu ta ƙasa. Sannan ga tsallake layi. Idan mutum biyu na fuskantar juna, akwai layin da ake ƙaddarawa a tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya, shi ne ƙa'idar digiri 180. Sun tsallaka ba tare da wani hoton da zai sanar da mu ba, sai wanda ke gudu zuwa dama ya koma gudu zuwa hagu, kamar ya juyo yana tunkarar masu bin sa.

Malam Isuhu: Kuma duhu. A sinima hasken allo wajen nit 48 ne (ma'aunin hasken allo ke nan) a ɗaki mai duhu, ido ya saba, ana ganin abin da ke cikin inuwa. Fim ɗin duk dare ne, an kuma danne baƙin sosai wajen gyaran launi. Idan aka zo turo shi ta intanet, matse bidiyo wuraren duhu yake fara ci, su koma dabbare-dabbare. Ƙaramin fim ɗin ma yana da fitowar dare, amma sun bar fitila ɗaya ta gefe tana zana gefen fuska, da ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Dare ne, amma ana ganin mutum.

Hajiya Rabi: Ƙanena Nasiru, ka yi bayani mai kyau, amma bari in ba ka abin da wani babban mai tacewa, Walter Murch, ya tsara. Ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka, ya ba kowanne kaso: motsa zuciya 51, labari 23, kari (salon saurin yanka) 10, bin ido 7, shimfiɗar allo (hagu da dama) 5, yanayin wuri (inda kowa yake tsaye) 4. Tsallake layin da kake kuka da shi yana can ƙasa. Zuciya da labari sun kwashe 74 cikin 100. Da mun damu da sojan nan, da babu wanda zai tsaya lissafin hagu da dama.

Malam Habu: Hajiya, kin kawo mini shaida ne ba ki sani ba. Wannan jerin na mai tacewa ne, ba na marubuci ba. Motsa zuciyar da yake nufi shi ne a wane hoto za a tsaya, a wanne za a bari. Duba ƙaramin fim ɗin, inda wan ya buɗe ambulan. A takarda me aka rubuta? Ya buɗe, ya karanta, ya miƙa wa ƙaninsa. Layi ɗaya. A allo kuwa ba a nuna takardar ba sam. An tsaya a kan fuskar ƙanin, wanda bai ma san abin da ke ciki ba, ana jin ƙarar takarda daga wajen hoto, babu kiɗa, sai fanka. An bar hoton ya yi tsawo har mai kallo ya fara matsuwa, sannan muryar wan ta shigo kafin a nuna shi. Sauti ya riga hoto. Wannan shi ya sa mutane suka yi tsit, kuma babu ko ɗaya daga ciki a rubutu.

Hajiya Rabi: Akwai. Me ya sa fuskar ƙanin ta yi nauyi? Saboda tun a minti 10 an nuna mana shi ne ya zauna da mahaifin yana jinya, wan kuma yana nesa yana turo kuɗi. Mun san idan akwai bashi, ƙanin za a tuhuma. Marubuci ya dasa, mai tacewa ya girbe. A babban fim ɗin me aka dasa? Mai ba da shaidar ma har aka gama ba mu san me ta gani ba.

Nasiru: Ni ma ƙaramin ba na cewa ba shi da aibi. Maƙwabciyar da ta shigo a tsakiya ta zauna tana ba da tarihin mahaifin na kusan minti biyar, wannan lacca ce ba fim ba. Kuma a fitowar kicin akwai ƙugin firij da ke zuwa yana tafiya a kowane yanka. Ba su kashe shi ba wajen ɗauka, ba su kuma ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 ba, wanda ake shimfiɗawa a ƙasa don ya rufe gaɓoɓi.

Malam Isuhu: Na ji shi. Amma ka ga bai hana kowa jin daɗi ba, wannan kuwa maki ne ga Hajiya. Sai dai akwai hanyar gwadawa. A kunna babban fim ɗin da rubutun fassara a ƙasa, a ɗaki mai duhu, da abin sauraro a kunne, a kashe abin nan na talabijin da ke ƙara santsin motsi. An kawar da matsalar ji da ta gani ke nan. Idan a haka ma mutum ya fara taɓa waya kafin minti 40, labari ne. Idan ya zauna daram, Malam Habu ya ci.

Malam Habu: Gwajin bai cika ba, Malam. Ya gyara sauti da haske, bai taɓa yanka ba. Faɗan tasha zai ci gaba da ruɗa ido ko da wace na'ura. Kuma awa biyu da minti 25 ɗin nan, tsere uku ne iri ɗaya a ciki. A cire na tsakiya gaba ɗaya, a dawo da kiran wayar da aka ji muryar yaron daga bayan rabi zuwa minti 15, tunda cikin mota ne da dare kuma kayan jikinsa ba su sauya ba, babu abin da zai nuna an matsar. Fim ya koma ƙasa da awa biyu ba tare da an ɗauki ko hoto ɗaya sabo ba.

Hajiya Rabi: Wato a sake rubuta shi a kan teburin tacewa.

Malam Habu: Wato a tace shi.

Hajiya Rabi: To ka matsar da kiran, na yarda zai taimaka. Mai ba da shaidar fa? Babu fitowa ko ɗaya da aka ɗauka tana faɗin abin da ta gani, ko a tallar fim ɗin babu. Daga ina za ka yanko ta?

Malam Habu: Wannan kam sai an koma an ɗauka. Kwana ɗaya, mota ɗaya, mutum biyu, kyamara ɗaya, makirfo kusa da baki.