Wai Abotar Maza Ba Ta Wuce Shayi da Musun Ƙwallo Ba?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Abotarmu ta maza fanko ce. Sai ku shekara da shekaru a benci ɗaya, ana shan shayi, ana musun Arsenal da Madrid, ana caccakar gwamnati, amma ranar da bashi ya yi wa mutum katutu ko aurensa ke tangal-tangal, sai dai ka ji a bakin duniya. Ka tambaye shi, ya ce "lafiya lau, sai godiya." A nan mata sun yi mana fintinkau.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, ka cika baki. Ƙaunar namiji a aiki take fitowa. Lokacin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 na ga mutanen da suka wayi gari ba su da ko allura. Wa ya tashe su? Abokai. Wannan ya ba da kaya bashi ba takarda, wancan ya raba masa gefen rumfa. Ba wanda ya rungume wani yana hawaye. In an yi maka rasuwa, abokanka ne a maƙabarta tun kafin ka iso, su ne a tabarmar makoki har a share. In wannan ba zurfi ba ne, mene ne zurfin?

Ɗan Fagge: Alhaji, gobara kowa ya ga hayaƙinta. Mutuwa kuwa sanarwa ake yi. Ina magana ne kan abin da ba ya hayaƙi: wanda aka sallama daga aiki amma kullum yana sa kaya ya fita don kada a gane, ko wanda ya daɗe da aure ba haihuwa kuma likita ya ce matsalar daga gare shi take. Wannan buhun shinkafa zai magance?

Alhajin Kwari: Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malam Ƙarami: Alhaji, a yi mini afuwa, amma kada mu jingina wa addini abin da al'ada ta ɗora mana. Da ɗan Annabi (SAW), Ibrahim, ke gargarar mutuwa, Annabi ya zubar da hawaye a gaban sahabbansa, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Sai ya ce masa wannan rahama ce, ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Annabi ya kuma kama hannun Mu'azu bin Jabal ya rantse masa cewa yana son sa. Kuma akwai hadisin da ya ce idan mutum yana son ɗan'uwansa, to ya sanar da shi. Yau ka gwada ce wa abokinka "ina son ka saboda Allah" a majalisa, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Alhajin Kwari: Allah ya gafarta Malam, ai Annabi Yaƙubu cewa ya yi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar baƙin cikinsa. Suratu Yusuf.

Malam Ƙarami: Haka ne, aya ta 86. Amma koma baya kaɗan, aya ta 84: idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma 'ya'yansa na gani, har suna yi masa magana a kai. Bai ɓoye ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da fushi da ƙaddara.

Baba Direba: Ku yara duk kuna kewaye-kewaye. Ba kuka ne matsalar ba, amana ce. Na taɓa keɓe wani da nake ɗauka aminina na gaya masa abin da ke tsakanina da iyalina. Kafin in dawo daga Legas, yaran tasha sun sa mini suna da maganar. Tun daga nan na kulle bakina. Namiji ba wawa ba ne, ya san majalisa ba ta da ƙofa. Kuma a wurinmu da zarar an ga lagonka, har bashi za a daina ba ka, har 'yarka wani zai yi shakkar nema wa ɗansa.

Ɗan Damagaram: Baba ya taɓo wurin. Amma ni ina ganin Ɗan Fagge bai iya karanta yarenmu ba ne. Mu nan a fada, wato majalisar shayi a Nijar, kafin a sauke shayi na uku an gane wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ba a tambayarsa a gaban mutane. Idan ya tashi, sai ɗaya ya ce "mu je in taka maka." Rakiyar nan da kuke gani, ana riƙe da hannun juna har ƙofar gida, a tsaya a soro kusan awa, a nan ake amayar da komai. Tsokana ma haka. Wanda na fi zagi a duniya shi ne wanda zan iya mutuwa a kansa. Dubi Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari: wasan nan ai ƙauna ce aka naɗe.

Ɗan Fagge: To wanda ba a yi masa rakiyar ba fa? Tsokanar nan ita ce mafakarmu. Mutum ya fara maganar gaske, sai wani ya ce "kai dalla, sai ka ce mace," a kwashe da dariya, shi ma ya taya ku don kada ya ji kunya. An rufe babin ke nan.

Nas: Bari in sa baki daga inda nake aiki. Maza ba sa zuwa su ce suna da damuwa. Cewa suke "ba na barci," "kaina na sarawa," "ƙirjina ya yi nauyi." A auna a ga hawan jini ga mutum bai kai arba'in ba. Sai ka zauna da shi ka ji ashe jari ne ya karye bayan cire tallafin mai a 2023, kuma ko matarsa ba ta sani ba. Wasu kuma ƙwaya suke gaya wa. Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma a cikin kowane huɗu, ɗaya ce mace. Ban ce shiru ne kaɗai sanadi ba, akwai zaman banza da talauci. Amma mu har yanzu da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kware sai a ce mahaukaci, alhali tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Anti Malama: Ku yi haƙuri na shigo zancen maza, amma mu ke kwasar ragowar. Abin da ya ƙi faɗa wa abokinsa, a gida yake sauke shi: tsawa kan gishiri ya yi yawa, duka kan yaro ya zubar da ruwa. Sai dai Ɗan Fagge, kada ka wanke mu tas. Uwa ce ke fara ce wa yaro "namiji ba ya kuka" tun ranar kaciya. Kuma akwai matan da in miji ya yi hawaye a gabansu, ranar faɗa sai sun goranta masa.

Baba Direba: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ga gaskiya ta fito daga inda ba a zata ba.

Alhajin Kwari: Na yarda a samu mutum ɗaya, amini, wanda aka jarraba. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Amma a ce kowa ya zo majalisa ya baje kayan cikinsa, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba zan koya wa 'ya'yana ba.

Ɗan Fagge: Ban ce a majalisa ba, Alhaji. Wasunmu da muke nan tun aji ɗaya a sakandare muke tare. Kowa ya faɗa tsakaninsa da Allah: a cikinmu akwai wanda zai iya kira ƙarfe biyun dare ya ce "na kasa"? Ni dai ina da lambobinku duka, kuma ban san wanda zan kira ba.

Ɗan Damagaram: Kai ma ka taɓa kiran wani ka ga bai ɗauka ba?

Ɗan Fagge: Ban taɓa gwadawa ba.

Alhajin Kwari: To ka ga ni, hukunci ka yanke mana ba ka kira shaida ba. Wayata ba ta kwana a kashe. Amma maganar fanko ka janye ta.

Ɗan Fagge: Ban janye ba tukuna.