Sensa da Hausa: ma'auni, na'urar ganowa, ko dai maji-zafi?

Jama'a ku kawo ɗauki. Tun jiya da daddare nake fama da kalma guda ɗaya, ina rubuta wa ƙanina da abokansa ɗan darasi kan yadda ake jona Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, da kwamfuta a riƙa karanta zafin ɗaki, komai ya tafi daidai har na zo kan sensa sai na tsaya cak. Na san makanikai sensa suke cewa kuma kowa ya gane, amma yaron da bai taɓa buɗe gaban mota ba idan ka ce masa sensa ba ka faɗa masa komai ba.

Bari in nuna abin da ke kan teburina don mu san me muke sa wa suna. Allon Arduino Uno ne, shi Arduino asalinsa daga garin Ivrea na Italiya ya fito a 2005, sai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku kamar ƙwayar wake, LM35, shi ne sensan. Ƙafa ɗaya ta sha wutar 5V, ɗaya ta tafi GND, wato negatif, ta tsakiya ta shiga ramin A0, inda allon ke karanta ƙarfin wuta. Aikinsa kenan a duniya, duk digiri ɗaya na zafi ya ƙara milibolt 10 a wutar da ke fita ta ƙafar tsakiya. Allon ne ke mayar da wannan wutar lamba tsakanin 0 da 1023, ya turo ta kebul ɗin USB. Da rana tsaka ɗakina mai rufin kwano 82 yake nunawa, ka ninka da 500 ka raba da 1024, digiri 40 kenan, Allah ya kawo damina.

 

To wani ɗan'uwa ya ce ai ma'auni ne, me ye na wahala. Na so in yarda amma a'a. Ma'auni shi ne abin da ke ba KA amsa, sikelin mai nama, mudun 'yan hatsi, ma'aunin zafi na asibiti da ake sa wa yaro a hammata. LM35 bai san lamba ba, bai san digiri ba, zafi ya taɓa shi wutarsa ta canza, shikenan. Sai an haɗa shi da allon da lissafin nan sannan a samu ma'auni. Idan muka kira shi ma'auni me za mu kira dukkan haɗin?

Wata 'yar'uwa ta kawo na'urar ganowa. Ba laifi, 'yan jarida za su so ta, amma ni dai na gaji da na'urar kaza na'urar kaza, komai na'ura, ga tsawo, a darasi ɗaya sai ka rubuta ta sau talatin. Kuma abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba a ce masa na'ura, haba.

Ga tawa. Ku duba yadda muke amfani da ji. Na ji zafi, na ji sanyi, na ji wari, na ji ɗaci, na ji motsi a tsakar gida. Kunne da fata da hanci da harshe duk kalma ɗaya ta kwashe su, ido ne kawai ya fita daban. Kuma muna da tsohon ƙirar suna da ke zaune daram, Majidaɗi, maci amana, magatakarda. Don haka LM35 maji-zafi ne. DHT22 da ke ba da zafi da laimar iska maji-laima. PIR ɗin nan mai farar hula da ke kunna fitila idan mutum ya gifta, maji-motsi, wallahi wannan kamar dama can da shi aka haifi Hausa. MQ-2 maji-hayaƙi. Na haske kuwa, LDR, tunda ba a jin haske sai mu bi magatakarda mu ce maga-haske. Na gwada a kan ƙanina ban yi masa bayanin komai ba, na ce miƙo min maji-motsi, ya ɗan duba kwalin ya ɗauko mai farar hular, ya ce ai shi ne ke kunna fitilar makwabta.

Wani Malam daga Maraɗi ya ce su can kalmar Faransanci capteur aka koya musu, mu nan kuma ta Ingilishi, kenan maji-zafi zai yi mana aiki mu duka ba sai wani ya ari bakin wani ba. Na gode Malam, ban ma yi tunanin wannan ba.

Inda abin ya cije min biyu ne. Na farko, HC-SR04 da ake sa wa a murfin tankin ruwa don auna nisan ruwan, yana tura sautin da kunne ba ya ji ya jira amsa kuwwa kamar jemage, maji-nisa bai zauna a bakina ba sam. Na biyu, maji ba ya tsayuwa shi kaɗai, dole sai da abin da ake ji, kuma jam'insa majiya ne, wanda 'yan jarida suka riga mu kamawa da majiya mai tushe. Saboda haka a darasin zan bar sensa da sensoci a matsayin sunan dangin gaba ɗaya, haka ma za ka ce a kasuwa in ba so kake mai shago ya zuba maka ido ba, ɗaiɗaikunsu kuma maji-kaza. Na tankin ruwan na bar gurbinsa a buɗe, daren Juma'a zan tura wa yaran darasin, wanda ke da suna ya ajiye a ƙasa kafin nan.